Tuwon Dawa Kaɗai Ba Ya Isa: Yadda Za Ka Haɗa Abincin Gargajiya da Gyaran Ƙasa da Motsa Jiki

Duk wanda likita ya shaida wa cewa yana da ciwon suga ko hawan jini, kafin mako ya zagayo zai sha shawara daga 'yan'uwa: a bar shinkafa da taliya, a koma tuwon dawa da miyar kuka, ai shi kakanninmu suka ci suka tsufa da ƙarfinsu. Shawarar ba ta da laifi, sai dai an yanke ta a tsakiya. Mutumin da ake ba da misali da shi, wanda yake tashi da malmala uku a zama ɗaya, tun sanyin safiya yake gona yana huɗa, a ƙafa ya je a ƙafa zai dawo. Matarsa kuwa ta yi surfe, ta yi daka, ta ja ruwa a rijiya. Dawar da suka ci ta fito ne daga gonar da aka yi rani ana kai mata taki a mangala. Wanda ya ɗauki tuwon ya bar aikin, ya bar takin, ya ci gaba da zama a shago ko ofis daga safe zuwa magariba, kada ya yi mamaki idan tumbi bai sauka ba.

Kuma kada mu yaudari kanmu da cewa zamanin da aljanna ce. An yi yunwa, an yi maƙoƙo, yara sun mutu da yawa. Abin da ake nema shi ne a ɗauko mai amfanin, a haɗa da abin da aka sani yanzu. Ga yadda za a bi, daga ƙasa zuwa tukunya zuwa jiki.

Mataki na farko: binciki tarihin wurin

Kafin ka kafa fartanya, ka tambayi abin da aka taɓa yi a wurin. Wannan ya fi shafar masu lambun bayan gida a birni. Filin da aka taɓa fasa batir, ko garejin makanikai, ko bolar da ake ƙona robobi da wayoyi, ko inda aka niƙa duwatsun zinariya, ba wurin shuka abin ci ba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun ma'adinai a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dalma ba ta ruɓewa, taki ba ya kashe ta. Sai da aka kankare ƙasar aka kwashe, aka zubo sabuwa.

Haka ruwan ban-ruwa. Ruwan kwata da wanda ya biyo ta masana'antu ko majema yana sa alayyafo ya yi kore shar, amma ganyen yana ɗauke da abin da ido ba ya gani. Idan kana shakkar wurin, ka yi shuka a buhu ko tsohon bokiti, ka ɗebo ƙasa daga gonar da ka sani.

Mataki na biyu: gane irin ƙasarka

Ɗebi ƙasa daga zurfin taƙi ɗaya, ka jiƙa ta kaɗan, ka dunƙule. Idan ta ƙi haɗuwa, jigawa ce: sauƙin noma, amma ruwa da taki suna zurarewa da wuri. Idan ta mulmulu har ta yi tsawo ba ta karye ba, laka ta yi yawa: tana riƙe abinci, amma tana kwantar da ruwa, da rani kuma ta tsage. Wanda yake son ya gani da ido, ya cika kashi ɗaya cikin uku na kwalba da ƙasa, ya ƙara ruwa, ya girgiza sosai ya ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, mai laushin ya biyo baya cikin 'yan sa'o'i, laka kuma sai ta kwana ɗaya ko biyu. Kaurin kowane layi zai nuna maka rabon da kake da shi.

Gonar ma tana magana. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ta fi yin ƙarfi inda ƙasa ta gaji. Ganyen masara na ƙasa ya yi ɗorawa tun daga tsini, sinadarin naitirojin, ɗaya daga cikin abincin shuka, ya yi ƙaranci. Ganyen ƙaramar shuka ya yi shunayya, sau da yawa sinadarin fosforas ne babu, kuma ƙarancinsa matsala ce da ta game ƙasar yashi ta Arewa da Nijar. Idan ka haƙa da damina ka ga tana, alhamdu lillahi, akwai rai a wurin.

Mataki na uku: ciyar da ƙasar

Nan ne aikin yake, nan kuma za mu daɗe.

Manoman kewayen Kano sun shekara aru-aru suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba, har masana daga waje suka riƙa zuwa nazarin yadda abin yake yiwuwa. Sirrin ba ɓoyayye ba ne. Harawar wake da ta gyaɗa tana zuwa wa tumaki da awaki a turke, kashinsu da sharar gida da toka suna komawa gona, jakuna kuma suna kwaso takin birni. Ba abin da yake fita ya tafi ke nan. Yau da yawanmu muna sayar da kara, mu ƙona saura, mu zuba buhun takin zamani mu jira albarka.

Fara da ramin taki. A inuwa, ka haƙa rami mai tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya, zurfi kamar rabin mita. Shimfiɗa sassaren kara ko busasshiyar ciyawa a ƙasa, ka ɗora ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, ka ɗora kashin dabbobi, ka barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, ka yayyafa ruwa. Ka maimaita har ramin ya cika, ka rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma. Danshin da ake so shi ne idan ka matse a hannu tafinka ya jiƙe amma ruwa bai zuba ba. Soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu ka zare ka taɓa. Idan da zafi, aiki ya kankama. Idan da sanyi kuma a bushe, ƙara ruwa da kashi. Idan yana wari, ruwa ya yi yawa, ka juya ka ƙara busasshen abu. Ka riƙa juyawa duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi. Leda, batir da gilashi kada su shiga. Toka kuma kada ka cika ta a kan kashin kaji, tana korar naitirojin ɗin ya bi iska.

Ɗanyen kashi kai tsaye a kan latas, kabeji ko karas kuskure ne. Yana ƙona saiwa, yana kuma kawo ƙwayoyin cutar gudawa da tsutsar ciki. Idan dole ne, ka sa shi a ƙasa wata huɗu kafin girbin duk abin da yake taɓa ƙasa.

Idan gonar ta zama fako, ruwa yana gudu a kanta ba ya shiga, dabarar tassa ta manoman Tawa a Nijar, wato shuka a cikin ramukan taki, ita ce magani. Da rani ake haƙa ramuka, faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 20, tsakaninsu kamar taku ɗaya. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasar, ruwan farko ya sami hanyar shiga, sai a yi shuka a cikin ramin. Da irin wannan dabara marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya mayar da fako daji, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. Inda gangaren ya fi faɗi, a haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa.

Ba na cikin masu cewa takin zamani guba ne. Ƙasar da ba ta da fosforas, takin gida kaɗai ba kasafai yake cike giɓin ba. Matsalar ita ce watsa shi barkatai a ƙasar da ba ta da ruɓaɓɓen abu. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa dabarar sa kaɗan a gindi: kimanin giram 6 na takin NPK, wato cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na takin DAP, tsunkulen yatsu uku, a kowane ramin gero lokacin shuka. Yuriya kuma a binne ta a ƙasa mai danshi, kada a bar ta a fili rana ta cinye.

Abu biyu da ba sa cin kuɗi. Na ɗaya, wake, gyaɗa, gurjiya ko waken suya su riƙa shiga tsakanin hatsi ko su karɓe shi shekara-shekara. Tumɓuke wake ɗaya ka duba saiwarsa, za ka ga ƙananan ƙulli. Fasa ɗaya, idan cikinsa ja-ja ne, yana ɗebo naitirojin daga iska. Na biyu, ka daina sare kowane toho lokacin sharar gona. Zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka bar su su tashi. A yankin Maraɗi aka fara yaɗa wannan a shekarun 1980, kuma an ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ya fi kowa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, kuma ko yaro ya san geron gindin gawo ya fi tsayi.

Mataki na huɗu: san iyakar abin da ƙasa za ta ba ka

Wasu sinadaran, irin su zinki da aidin, yawansu a cikin abinci yana bin yawansu a ƙasar da aka noma shi. Shi ya sa maƙoƙo ya fi yawa a wasu yankuna, ko da kuwa mutanen wurin abincin gargajiya zalla suke ci. Takin gida ba zai sa aidin a inda babu ba. Maganin wannan gishiri mai aidin ne, wanda Najeriya ta wajabta tun farkon shekarun 1990. A ajiye shi a rufe, nesa da murhu.

Iri ma yana da nasa rabon. A 2018 aka fitar da geron Chakti a Nijar, mai yawan sinadarin ƙarfe. Akwai dankalin Hausa mai jan ciki da masara mai ruwan lemo, dukansu masu bitamin A. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya tana da irin wake, dawa da gyaɗa masu yi da wuri. Malaman gona na ƙaramar hukuma sun san inda ake samu.

A ganina babbar ribar ƙasa mai kyau a yawan kala take. Gonar da ta gaji gero kawai take iya bayarwa, shi ma da ƙyar. Wadda aka ciyar za ta ba da gero da wake da kabewa da kuɓewa da riɗi da yakuwa, kuma wannan ne yake canza abin da ke cikin kwano. Wanda ba shi da gona, buhu biyar na alayyafo, rama da lalo, da bishiyar zogale biyu a bayan ɗaki, sun isa su sa ganye a miyar gidan kullum.

Mataki na biyar: tukunya

Uwargida, wannan sashen naki ne, ko da yake maigida ne ya kamata ya fara karantawa don shi ke cefane.

Surfe ya zama mai sauƙi. Yawancin sinadarin ƙarfe, zinki da bitamin B suna cikin dusa da ƙwayar idon hatsi, kuma injin da yake fitar da gari fari tas yana tura su ne wa awaki. A wanke hatsin da kyau, a cire tsakuwa, a surfa sama-sama ko a niƙa shi yadda yake idan mutanen gida za su iya ci. A fara da haɗa rabi da rabi, don harshe ya saba.

Hatsi da wake suna da wani sinadari da yake riƙe ƙarfe da zinki ya hana hanji tsotsa. Jiƙo na kwana, barin gasara ta yi tsami, da tsirar da hatsi duk suna rage shi. Ashe koko da kunun tsamiya da daddawa ba don daɗi kawai aka ƙirƙiro su ba. Matsa lemon tsami a kan kwaɗon zogale ko wake, ko cin gwaiba bayan abinci, yana taimaka wa ƙarfen ya shiga jiki. Shayi kuwa yana hanawa, don haka a ba shi tazarar sa'a ɗaya ko biyu da abinci, musamman mai ciki da mai ƙarancin jini.

Ganye a sa shi daga ƙarshe, kada ya dahu ya yi baƙi. Kuka da zogale a shanya su a inuwa. A sa ɗan mai a miyar ganye, domin bitamin A sai da maiƙo yake shiga jiki, amma ɗan kaɗan, ba wanda zai taso ya rufe miya ba.

Gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen ɗanɗano yawancinsa gishiri ne. A rage shi sannu a hankali, a ƙara daddawa, citta, tafarnuwa da busasshen kifi. Kanwa ma gishiri ce ta wata fuska, tana kuma lalata wasu bitamin; idan an jiƙa wake ya kwana, buƙatarta ta ragu. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da shan kunun kanwa da yawa tare da zafin wankan jego. Gargajiya ce, amma ba kowace gargajiya ake riƙewa ba.

Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da su. Gubar fumfunar tana illata hanta, wuta ba ta kashe ta. A busar da amfani sosai a kan tabarma ko leda, a ɗora buhu a kan katako.

Mataki na shida: auna tuwon da aikinka

Raba kwano a ido. Rabi miya da ganye, kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai ko nama, sauran tuwo. Ga mai aikin zama, malmala kamar dunƙulen hannunsa ta isa. Manomi a tsakiyar damina, ɗan dako da mai shayarwa su ci fiye da haka, jikinsu yana nema. Tuwon dawa ma yana ɗaga suga idan aka cika shi, balle garin ya yi laushi ƙwarai. Dambu, burabusko da fate mai ganye da yawa sun fi sauƙi. Fura da nono abinci ne cikakke, ba abin korawa bayan tuwo ba, kuma cokali huɗu na sukari yana mayar da ita wani abu dabam. Haka zoɓo da kunun zaƙi.

Mataki na bakwai: mayar wa jiki aikinsa

Tsoka ita ce babbar mai cinye sugan da ke cikin jini, kuma tana yin haka ne idan tana aiki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga babba ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Yara minti 60 kullum. Matsakaici shi ne wanda numfashinka zai ɗaga, kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Kada ka fara da gudu. Mako biyun farko, tafiya mai ɗan sauri ta minti 10 bayan abincin rana da bayan na dare. Tafiyar bayan cin abinci tana rage hawan suga, kuma ita ce ta fi sauƙin ɗorewa. Mako na uku ka ƙara minti 20 bayan sallar asuba, kwana uku a mako. Ka riƙa ƙara minti biyar duk mako har ka kai rabin sa'a, kwana biyar. Masallacin Juma'a, kasuwar unguwa, makarantar yara, duk inda bai wuce tafiyar minti 15 ba a bar babur ya huta.

Ƙarfafa tsoka ba ya buƙatar kuɗi. Zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau 10, ka huta, ka sake. Dafa bango ka tura jikinka, sau 10. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita biyar a kowane hannu, ka zagaya tsakar gida, ya zama ɗaukar nauyi. Wanda ya haura shekara 65 ya ƙara da tsayuwa a ƙafa ɗaya kusa da bango, kwana uku a mako, don gudun faɗuwa.

Matan da ba sa fita su ne aka fi mantawa, alhali inji da famfo sun ɗauke musu aikin da yake motsa iyayensu. Ba cewa nake a koma wahalar da ba. Amma daka yaji ko gyaɗa a turmi, tsallen igiya, gaɗa da yara, zagayen tsakar gida na minti 15 da maƙwabciya, duk suna cikin lissafi. Maigida ya sa baki, ya fi ya riƙa sayen magani daga baya.

Aikin lambun kansa ya shiga: haƙa tassa, juya ramin taki, ɗaukar ruwa. Sai a lura da baya, a durƙusa da gwiwa wajen ɗaga kaya. Manomi kuma ya kula da rani, lokacin da aiki ya tsaya amma malmalar ba ta ragu ba.

A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, a yi da asuba ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa. Da hunturu mai asma ya guji fita cikin ƙura. Da azumi a mayar da tafiyar bayan buɗa-baki ko bayan asham. Mai sikila ya yi a hankali, kada ya bari ƙishirwa ta kama shi. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya ya riƙe dabino a aljihu saboda faɗuwar suga, ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashin da ya ƙi dawowa, a tsaya nan take a je asibiti.

Ranar da za ka fara, ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka a saitin tsakanin haƙarƙari da ƙugu. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Ka auna hawan jini ka rubuta. 140 bisa 90 ko sama da haka a awo fiye da ɗaya yana buƙatar ganin likita. Bayan wata uku ka sake duka biyun, ka kai wa likitan takardar. Idan kana shan magani, shi ne zai ce a rage, ba kai ba.